Baƙo Ba Mai Masauki: Mas'alar Gidajen Hayar Kwana da Haƙƙin Unguwa

Tun zamanin da ayarin fataken goro ke tasowa daga Kano, su yi zango a Yauri kafin su ƙetare Kwara su nufi Gwanja, mutanen ƙasar Yauri ba su taɓa rabuwa da baƙi ba, kuma ba a san su da ƙyamar baƙo ba. Har Turawan nan biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, da suka iso Birnin Yauri a 1830 suna cigiyar takardun Mungo Park, sun sami masauki sun zauna fiye da wata guda. Amma saukar baƙi a wancan zamani tana da ƙa'ida wadda kowa ya sani ko da ba a rubuta ta ba, ita ce baƙo ba ya kwana a gari sai a hannun wani. Falke yana da fatomansa, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an yi ciniki bashi, shi kuma ya sami la'adarsa. Idan kuwa baƙon ya yi ɓarna, ko ya gudu da dukiyar mutane, ba a bin sawunsa cikin daji, ƙofar fatoma ake zuwa, domin shi ne ya yi lamuninsa a gaban mai unguwa, mai unguwa kuma a gaban hakimi. Da wannan tsari ne Hausawa suka kafa zangunansu a Kumasi da Sabon Ibadan da sauran garuruwan kurmi, kuma masana na ƙasashen waje sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kansa.

Abin da ya shigo yanzu, wanda mutanen birane ke kira shotlet, mu kuma za mu ce hayar kwana, ya ɗauki rabin wannan tsari ya yar da rabi. Mai dukiya ya sayi gida a tsakiyar unguwar ma'aurata, ko ya sallami 'yan hayar da ke ciki, ya gyara shi, ya sa gadaje da talabijin da janareta, ya ɗaga katanga, ya kafa ƙyauren ƙarfe, sa'an nan ya riƙa bayar da shi kwana ɗaya ko uku ko mako ga duk wanda ya biya. Kuɗi ta waya ake turawa, mabuɗi yana hannun maigadi, shi kuwa mai gidan yana Birnin Kebbi ko Abuja, bai san fuskar wanda ya kwana a ɗakinsa ba, bai kuma damu ya sani ba. Maƙwabci ya fito sallar asuba ya tarar da baƙuwar mota mai baƙin gilashi ta tare masa ƙofa, kwalabe da robobin abinci sun cika kwata, kiɗan da ya hana jinjirinsa barci bai daɗe da mutuwa ba, in ya tambayi maigadi su wane ne a ciki, amsar ba ta wuce, "Wallahi Baba, ni ma jiya da dare na fara ganinsu."

Asalin yaɗuwar wannan sana'a a duniya kamfanin Airbnb ne, wanda aka kafa a San Faransisko ta Amurka a 2008, bisa niyyar mai gida ya saukar da matafiyi a ɗakin da ba ya amfani da shi. Sai masu jari suka lura da ribar da ke ciki, suka shiga sayen gidaje sukutum domin wannan kaɗai. Lissafin kuwa ba ya bukatar malamin hisabi. A ƙaddara, a bisa misali, gidan da malamin makaranta ke biya wa naira 300,000 a shekara, in aka mai da shi na kwana a kan naira 15,000, to dare 20 kacal sun biya kuɗin shekarar, sauran darare duka riba ce bayan an cire mai da wanki da albashin maigadi. Wane mai gida ne zai ga wannan bai yi tunani ba? Ta haka ne gidajen zama ke raguwa a unguwa, kuɗin haya ya hau, ƙaramin ma'aikaci da sabon ango su koma bayan gari. Wannan cutar ta fi ta kiɗan dare girma, ko da yake ita ce ba a cika kai ƙararta ba, saboda wanda ta sama ya riga ya kwashe kayansa ya tafi.

A manyan biranen duniya, mazauna unguwanni ne suka yi ta sintiri a zaurukan majalisun gari har aka yi dokoki. Landan ta ƙayyade dare 90 a shekara ga mai son bayar da gidansa duka ba tare da neman izinin sauya amfani ba, Amstadam ta tsaya a dare 30. A Yunin 2024 magajin garin Basalona ta Sifen, Jaume Collboni, ya shelanta cewa lasisin gidaje kimanin 10,000 na masu yawon buɗe ido ba za a sabunta su ba in sun ƙare a Nuwamban 2028. Amma dokar da ta fi jan hankalina ita ce ta birnin New York, wadda aka fara zartarwa a Satumban 2023, domin ta shar'anta cewa duk hayar da ba ta kai kwana 30 ba, sai mai gida ya yi rajista, sai yana zaune cikin gidan tare da baƙinsa, kuma kada baƙin su wuce biyu. Wato bayan doguwar jayayya da lauyoyi da kotuna, abin da suka cim ma shi ne ƙa'idar fatoma wadda kakanninmu suka yi aiki da ita a zangon Yauri. A Nijeriya Legas ce cibiyar wannan sana'a, sai Abuja, kuma a ɗaya daga irin waɗannan gidaje a Lekki ne aka kashe shugaban wani gidan talabijin cikin Yunin 2021.

Mai karatu zai iya cewa ina Yauri ina Basalona. Gaskiya ne ba mu da masu yawon buɗe ido miliyoyi, amma muna da namu dalilan da ke kawo baƙin kwana kaɗan, kuma suna ƙaruwa. Akwai 'yan kasuwar albasa da busasshen kifi da ke zuwa daga kudu. Akwai taron Rigata a bakin ruwan Yelwa, lokacin da masauki ke yin wuya. Akwai bukukuwa da tarukan siyasa. Akwai kuma ma'adinai, domin zinariyar ƙasar Yauri an san da ita tun zamanin Turawa, kuma jiharmu ta Kebbi na cikin jihohi biyu, ita da Osun, da gwamnatin tarayya ta fara shirinta na masu haƙar zinariya da hannu a 2020. Inda duk aka ce zinariya, to za a ga masu saye da masu sayarwa da masu bin bayansu, kowa da jakarsa, ba wanda ya san asalin wani. Al'ummar da aka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri aka kwashe mata ɗalibai da malamai ranar 17 ga Yunin 2021, ba za a zarge ta da tsananin zato ba idan ta nemi sanin wanda ke kwana a bayan katangarta.

Sai dai wajibi ne a yi adalci, domin shari'a ba ta hana mutum cin amfanin mulkinsa ba, kuma ijara halal ce ko ta shekara ko ta dare ɗaya. Abin da fuƙaha'unmu na Malikiyya suka tsaya a kai shi ne gusar da cuta: sun yi bayani a kan hayaƙi da wari da ƙara da tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, kuma duk almajirin da ya karanta Tuhfa ta Ibn Asim ya wuce ta wannan babi. Haka nan baƙo yana da haƙƙin liyafa, kuma mafi yawan masu neman ɗakin kwana mutanen kirki ne, direba ne, ko mai jinyar ɗan'uwa a asibiti, ko 'yan ɗaurin aure da suka yi dare. Gwauruwar da ta ware shagon ƙofar gida tana saukar da baƙi tana ciyar da marayunta, tana nan zaune, ana iya sallama da ita, ba daidai take da mai gidaje biyar da ba a taɓa ganinsa a jana'izar unguwa ba. Jama'ar da ta haɗa su a ƙara ɗaya ta zalunci ta farko, ta kuma raunana hujjarta a kan na biyu. Ina kuma jan kunnen matasa game da ɗaukar hukunci a hannu, da jifa, da fasa ƙofa, da yaɗa hotunan mutane a Facebook da sunan nahyi anil munkari. Tajassusi haramun ne, ƙazafi yana da haddi, kuma wanda ya ƙona gidan wani shi zai kwana a kurkuku, mai gidan ya karɓi diyya.

Hanya tana farawa daga zauren mai unguwa. Dattawa su je tare da liman, su ce, "Ranka ya daɗe, ba mu zo ƙarar baƙi ba, mun zo neman mai masaukinsu," a aika wa mai gida, a zauna. Sau da yawa magana tana ƙarewa nan, domin ɗan gari, komai kuɗinsa, ba ya son a ambaci sunansa a fadar hakimi da irin wannan. In ta ƙi, sai a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kuma a nan ne mutane ke ɓata tafiyarsu. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma ikon kula da shaguna da gidajen abinci da wuraren wanki da lasisin sayar da barasa, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da ƙiyasta harajin gidaje, da kwashe shara. Bai ambaci otal ba. Kotun Ƙoli kuwa, a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas cikin Yulin 2013, ta yanke cewa rajista da lasisin otal-otal aikin jiha ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen da aka ayyana birni a hannun gwamna, na karkara a hannun ƙaramar hukuma, kuma takardar mallaka tana faɗin abin da aka ba da filin dominsa. Saboda haka gidan da aka ba da don zama, aka mai da shi wurin kasuwanci ba da izini ba, maganarsa ta ma'aikatar filaye ce da hukumar raya birane ta jiha, wato KUDA. Mutumin Birnin Yauri sakatariyarsa tana Wara, ta ƙaramar hukumar Ngaski, ba Yelwa ba, ko da yake masarauta ɗaya ce ta haɗa Yauri da Ngaski da Shanga. Na ga masu ƙorafi da suka rikita wannan.

Duk da haka kada a raina kansila. Shi ne zai iya kai ƙudurin dokar ƙaramar hukuma gaban majalisa a kan abin da ke ƙarƙashin ikonta, kamar shara da hayaniyar wurin sayar da abinci da abin sha da harajin gidan da ya zama na kasuwanci, shi ne kuma zai raka wakilan unguwa wurin ɗan majalisar jiha in abin ya fi ƙarfinsa. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su, uzurin "ba mu da iko" ya ragu a takarda, ko da yake aiwatarwa tana tafiyar hawainiya. Gungawa da sauran mutanen bakin ruwa, waɗanda aka tayar da kimanin 44,000 daga cikinsu da maƙwabtansu lokacin da tafkin Kainji ya cika a 1968, aka zuba su cikin gidajen da wasu suka zana musu daga nesa, sun fi kowa sanin yadda al'amarin mazauni yake idan an yanke shi ba a zauna da masu zama ba.

Abin da ya kamata unguwa ta nema bai da yawa: kowane gidan hayar kwana ya zama yana da wakili ɗan gari wanda mai unguwa ya san gidansa da lambar wayarsa, a ajiye littafin baƙi da shaidar kowanne, a sa lokacin kashe kiɗa, a ƙayyade yawan irin waɗannan gidaje a layi ɗaya, wanda ya saɓa sau da yawa a janye izininsa. Wahalar ita ce, a ƙaramin gari mai gidan sau da yawa surukin kansila ne, ko shi ya ɗauki nauyin kamfen ɗin ciyaman, sai ƙorafin baki ya narke tsakanin gaisuwa da "za mu duba". Don haka a rubuta takarda, a faɗi ranaku da abin da ya auku ba tare da zagi ko zargin da ba shaida ba, magidanta su sa hannu da sunayensu, a kai wa sakataren ƙaramar hukuma a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, a aika wa hakimi da DPO da ofishin filaye nasu kwafin, a kuma wakilta mutum biyu da za su riƙa komawa duk mako suna tambayar inda takardar ta kwana.