3.2 Ɗaurin Mahaifa da Sharaɗin Amincewa a Ƙasashe Masu Tasowa

Wannan fasali zai yi bayani a kan hanyar dakatar da haihuwa ta dindindin, da irin tallafin da ake ba ta a ƙasashe masu tasowa. Hanyar ta kasu gida biyu. Ta farko ita ce ɗaurin mahaifa, wato aikin tiyata da ake toshe bututun da ƙwan mace ke bi zuwa mahaifa. Ta biyu kuwa ta maza ce, inda ake yanke jijiyar da ke ɗauko ƙwayoyin haihuwa. Wannan ya bambanta da dandaƙa, domin ba ya rage wa namiji kuzari. Abin lura shi ne, duka biyun da wuya a warware su, saɓanin allura ko ƙwayoyin tazarar haihuwa.

Daga cikin ƙungiyoyin da suka yi fice a wannan fage akwai wata ta Amurka, wadda ta fara aiki a ƙasashen waje a farkon shekarun 1970 da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Amurka. Ta horar da likitoci, ta kuma samar da kayan tiyata. A 2001 ta koma amsa sunan EngenderHealth. Ita kuwa hukumar raya ƙasashen, an rufe ta a 2025.

Sai dai tarihi ya nuna cewa ba kullum ake neman yardar mutane ba. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin mutane wannan aiki, akasarinsu talakawa maza, da yawa kuma bisa tilas. Wannan na daga cikin dalilan faɗuwar Indira Gandhi a zaɓen 1977. Haka kuma a Peru, tsakanin 1996 da 2000, zamanin Shugaba Alberto Fujimori, an ɗaure mahaifar mata fiye da 200,000, galibinsu mutanen karkara. Tushen ɓarnar a ƙasashen biyu ɗaya ne: an yanka wa ma'aikatan lafiya adadin da dole su cika. Ma'aikacin da aka auna ƙwazonsa da yawan kawuna kuwa, ba zai tsaya dogon bayani ba.

Saboda haka ne taron Alƙahira na 1994 kan yawan jama'a ya jaddada 'yancin ma'aurata na zaɓar yawan 'ya'yansu ba tare da tursasawa ba. A 1998 kuma majalisar dokokin Amurka ta hana a ba da kuɗinta ga shirin da ke yanka irin wannan adadi.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazarar haihuwa bisa yardar ma'aurata, amma ta haramta yanke haihuwa baki ɗaya sai da larura. Wannan bambanci yana da muhimmanci a ƙasar Hausa, inda zargin hana haihuwa ya kai ga dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003.

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa ingancin irin wannan tallafi ya rataya a kan abu uku: cikakken bayani da harshen da mutum ke ji, samar da wasu hanyoyin da zai zaɓa, da kuma damar ƙin amincewa ba tare da ya rasa wani haƙƙi nasa ba.