Kafin A Hau Tsani Da Bokitin Fenti

Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, aka fara kai amfanin gona gida, sai hankalin maigida ya koma kan bangonsa. Damina ta yi aikinta: nan ta zaftare, can ta bar baƙin zane tun daga bakin indararo har ƙasa. Ga Kirsimeti yana tafe, baƙi za su zo, wataƙila ma akwai ɗaurin aure a gidan. A Talata Mafara da Bakura da Maradun, wannan ne lokacin da masu sayar da fenti suke ganin ciniki. Muna so mu yi magana da 'yan'uwa kafin a kwance bakin aljihu, gama a wannan aiki akwai asarar kuɗi, akwai kuma abin da ya fi kuɗi.

Sai mu fara da bangon kansa. Kakanninmu ba su san gwangwanin fenti ba, duk da haka gininsu yakan daɗe. Maginan Hausa suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa, a kwaɓa da ƙasa, a shafe bango don ruwa ya zame. Suna da laso, haɗin katsi na marina da gashin awaki da dafara. Bisa wannan sai a bi da farar ƙasa. Amfanin waɗannan shi ne, bango yana shan iska. Laimar da ta shiga da damina takan fita da rani. Yau mutum yakan ɗauki fenti mai mai ya lafta wa ginin ƙasa, ya rufe laima a ciki. Kafin shekara ta zagayo fentin ya kumbura, ya fara ɓarewa kamar ɓawon rogo. Ginin ƙasa yaɓe yake so da farar ƙasa, kuma ba abin kunya ba ne.

Ginin bulo da siminti kuwa yana karɓar fenti, amma ba da gaggawa ba. Sabuwar filasta tana bukatar kamar mako 4 ta bushe sosai. In akwai tsaga, a cike ta tukuna. In indararo yana zuba a jikin bango, a gyara shi, in ba haka ba an yi aikin baban giwa. Waɗanda gidajensu suke kusa da fadama, ko kusa da hanyoyin ruwan da suka taso daga madatsar Bakolori, sun san farin gishirin nan da yake fitowa a gindin bango. Laima ce take hawa daga ƙasa. Ko fenti mai tsadar gaske ba ya tsaya a kansa sai an kankare, an bar wurin ya bushe, an kuma yi wa ruwa hanya nesa da gini.

Lokacin da ya fi dacewa gajere ne: bayan ɗaukewar ruwa, kafin hunturu ya kankama. In ƙura ta sauka, takan manne wa ɗanyen fenti. Zafin Maris da Afrilu kuma yakan busar da shi tun bai kama bango ba. Mai fenti da ya san aikinsa yana bin inuwa, ya fara da safe, ya shafa hannu biyu, ya bar na fari ya bushe kafin na biyu. Wanda ya tsinka bokiti ɗaya da ruwa har ya ishi gida duka, arha ya saya, ita kuwa arha ba ta ado.

Yanzu ga babbar maganar. Mu mutanen Zamfara ba sai an faɗa mana mene ne gubar dalma ba. A shekarar 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Dalilin shi ne dutsen zinariya da ake kawowa cikin gida ana dakawa, ƙurarsa cike da dalma. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai kuma suka sha jinya. Garin Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Anka maƙwabciyar Mafara ce, ba labarin nesa ba ne.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, wannan dalmar ana zuba ta cikin wasu fenti. Masu haɗawa suna sa ta don launi ya fito rangaɗau, fenti kuma ya bushe da wuri. An fi samunta a fenti mai mai, wanda ake tsinkawa da tina ko kananzir, musamman ruwan ɗorawa da ja da kore, wato dai launukan da muke so a ƙofa da taga da gyet. Fenti mai ruwa ba kasafai yake ɗauke da ita ba. Ba mu ce haɗarin fenti ya kai na dutsen Dareta ba. Wancan ya yi kisa cikin makonni. Na fenti a hankali yake aiki. Rana da iska suna cin bangon waje, fenti yana zama gari, yana zuba a gindin bango, daidai inda yara suke zama suna wasa da ƙasa suna kai hannu baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimi, ta jawo ƙarancin jini, abin da ta ɓata kuwa ba ya dawowa. Tana kuma ratsawa daga mai juna biyu zuwa ɗan da ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Sau da yawa babu alamar da za a gani; sai dai a ce yaron ba ya gane karatu, a yi ta dukansa.

Amurka ta hana fentin gida mai dalma tun 1978. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya take shawartar ƙasashe su bi shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan, kuma ana iya yin fenti mai kyau ba tare da ita ba. Amma mai saye ba shi da injin gwaji, ido kuma ba ya ganinta. Saboda haka a karanta jikin gwangwani, a nemi sunan kamfani da adireshi, da rubutun da ya nuna ba a sa dalma ba. Fentin da aka ɗura a jarka ba suna, ko wanda ake aunawa a kwalba, a bar wa mai shi. Ga jikin bango, fenti mai ruwa ya isa.

Ranar kankare tsohon fenti ita ce ranar da ta fi haɗari, ita ce kuma ranar da yara suke taruwa kallo. A kai su gidan maƙwabta, haka ma mai juna biyu. A yayyafa wa bango ruwa kafin a kankare, kada a goge shi a bushe da sanfefa, kada kuma a ƙona shi da wuta. A shimfiɗa leda a ƙasa ta tare ɓarɓashin, a ƙulle, a kai nesa da rijiya da wurin kaji. Mai aikin ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu kafin ya ci abinci, ya canza tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.

Wannan ya shafi dattawan ikkilisiya ma, domin ginin sujada da ajin makarantar Lahadi da bencin yara galibi matasa ne suke shafa musu fenti da aikin gayya, kuma wanda aka aika kasuwa yakan sayo mafi arha. Zumuntar mata kuma ta sa ido a kan abu ɗaya: in an gama aiki, gwangwani da bokitin fenti sukan koma na ɗiban ruwa, ko na ajiye gari, ko na jiƙa gero. Wanda ya taɓa ɗaukar fenti mai mai, ko an wanke shi da omo, kada a bar shi ya shiga madafa.