Tsuntsuwar da ta girmi 'yancin Najeriya, da dalilin da ya sa ungulu ke ɓacewa

A watan Disambar 1956, shekarar da aka gano ɗanyen mai a Oloibiri, wani masanin tsuntsaye Ba'amurke mai suna Chandler Robbins ya sanya wa wata tsuntsuwa zoben shaida a ƙafa a tsibirin Midway da ke tsakiyar tekun Pasifik. Ya same ta kwance a kan ƙwai, kuma tsuntsayen teku irinta, waɗanda ake kira albatros, ba sa fara ƙwai sai sun kai aƙalla shekara biyar. Ke nan an ƙyanƙyashe ta ne wajajen 1951, ko ma kafin haka, tun Najeriya na hannun Turawan mulkin mallaka.

A 2002 Robbins ya sake cin karo da ita a tsibirin, bayan shekara 46. Ya rasu a 2017 yana da shekara 98. Ita kuwa tsuntsuwar, wadda aka laƙaba wa suna Wisdom, wato Hikima, ta dawo Midway a ƙarshen 2024 tana da kimanin shekara 74, tare da sabon miji, bayan wanda suka daɗe tare ya daina dawowa. Ta yi ƙwai, aka kuma ƙyanƙyashe shi a farkon 2025. Ita ce tsuntsuwar daji mafi tsufa da aka sani a duniya.

Me ya sa suke daɗewa?

A tsarin jikin dabbobi, wannan abin mamaki ne. Zafin jikin tsuntsu yakan kai digiri 40 zuwa 42, kuma sukarin da ke jininsa ya ninka na ɗan Adam. Bisa ƙa'ida ya kamata irin wannan jiki ya tsufa da wuri. Amma ɓera da ƙyar yake wuce shekara uku, alhali akwai ƙananan tsuntsayen teku da ba su fi shi nauyi sosai ba da ke haura shekara 30.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi yana cikin fiffike. Ɓera na rayuwa ne tsakanin kyanwa da maciji da shaho, don haka dabararsa ita ce ya balaga da wuri, ya hayayyafa da yawa kafin a cinye shi. Mai tashi sama kuwa ya tsere wa yawancin maƙiyansa, saboda haka jinkirin haihuwa ba ya jawo masa asara, jikinsa kuma ya ginu ne a kan gyara kansa da jure wa tsufa. Jemage ma hujja ne: ba tsuntsu ba ne, amma da yake yana tashi, ya fi ɓera tsawon rai nesa ba kusa ba.

Aure, saki da riƙo a zuci

Tsawon rai na zuwa da zamantakewa mai sarƙaƙiya. Samarin albatros kan shafe shekaru suna koyon rawar neman aure kafin su samu abokin zama, kuma yawanci mutuwa ce ke raba ma'aurata. Ƙwai ɗaya tak mace ke yi, ita da namijin suna karɓa-karɓar kwanci a kansa sama da wata biyu.

Sai dai auren nasu ma yana mutuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya bi ma'auratan albatros kimanin 15,500 a tsibiran Falkland tsawon shekara 15. A shekarun da abinci ya wadata, rabuwar ba ta cika wuce kashi ɗaya zuwa uku cikin 100 ba. A shekarun da ruwan teku ya ɗumama, abinci ya yi ƙaranci, sai ta kai kusan kashi 8, har a tsakanin waɗanda suka yi nasarar renon ɗa. Masu binciken na ganin wahalar neman abinci ce ke sa mace ta ɗora wa mijinta laifin da na yanayi ne. Sauyin yanayi ya shiga har cikin sheƙa.

Dangin hankaka kuwa riƙo gare su. A Jami'ar Washington da ke Amurka, masu bincike ƙarƙashin John Marzluff sun rufe fuskokinsu da wata fuskar roba a 2006, suka kama wasu hankaki suka sake su. Shekaru bayan haka, duk wanda ya sa wannan fuska sai hankaki su taru a kansa da ihu, har da waɗanda ba a ƙyanƙyashe ba lokacin da abin ya faru. Sun koya daga iyaye da maƙwabta.

Inda abin ya shafe mu

Tsuntsu mai tsawon rai ba ya gaggawar haihuwa, kuma a nan rauninsa yake. Idan aka kashe babba ɗaya, an tafi da 'ya'yan da zai haifa cikin shekaru masu yawa, an kuma bar abokin zamansa yana neman wani.

Hausawa na cewa ungulu ba ta jewar banza. Amma duk wanda ya tashi kusa da mayanka a Kano ko Sakkwato ko Maradi, ya tambayi iyayensa yawan ungulun da ke sauka a can a da, ya kwatanta da yau. Ita ma ƙwai ɗaya take yi a shekara. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya irin ungulun da muka saba gani a garuruwa cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Guba na kashe su, haka nan cinikin kawunansu da sassan jikinsu don magani da tsibbu, kuma Najeriya na cikin manyan kasuwannin wannan ciniki. A 2020, an kashe ungulu fiye da 2,000 da guba a Gini-Bisau.

Indiya ta riga ta ɗanɗana abin da ke biyo baya. Maganin dabbobi mai suna diclofenac ya hallaka fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulun ƙasar kafin a haramta shi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, ruwa ya gurɓace. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa ɓacewar ungulu ta jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Aku mai jan wutsiya, wanda kan kai shekara 50 a hannun mai kiwo, shi ma yana kan wannan hanya. Bincike ya nuna Ghana ta rasa aƙalla kashi 90 cikin 100 na akunta tun daga 1992. A 2016 ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES suka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Gauraka, wanda a da ake gani a fadamun Arewa, ya kusa ƙarewa a Najeriya.

Doka dai akwai. Tun 1985 Najeriya ke da dokar kula da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, an kuma yi mata gyara a 2016. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa: wa ke duba kasuwannin da ake baje kawunan ungulu a fili, wa ke sa ido kan gubar da ake sayarwa ba ƙa'ida, kuma nawa jihohi ke warewa don kare wurare irin dausayin Hadeja zuwa Nguru? Waɗannan tambayoyi ne da ya dace a yi wa kwamishinonin muhalli da 'yan majalisa, domin ungulu ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta karɓar albashi, kuma garin da ya rasa ta zai biya a asibiti.

Wisdom ta kai shekara 74 ne domin tsibirin da take komawa wuri ne da doka ta keɓe, ana kuma gadinsa. Ungulun da ke shawagi a kan mayankar garinku ba ta da wannan gata, kuma ƙwai ɗaya kacal za ta yi a bana.