Allurar Bitamin C: Abinci a Baki, Magani a Jijiya

Mu Hausawa mun daɗe da yarda cewa allura ta fi ƙwaya, ƙarin ruwa kuma ya fi allura. A Ƙofar Guga, kamar sauran unguwannin Katsina, mai zazzaɓi kan fito daga kemis ransa a ɓace idan ƙwayoyi kawai aka ba shi. Wannan ɗabi'a ce ta buɗe wa allurar bitamin C kasuwa. Wasu na neman ƙarfin jiki da ita, wasu kuma, musamman amare, ana haɗa musu ita da sinadarin glutathione a ƙarin ruwa don hasken fata.

Jikin babban mutum bai buƙatar fiye da miligiram 75 zuwa 90 a rana, kuma gwaiba ɗaya ta wadatar. Ga lemo, ga garin 'ya'yan kuka, ga zogale. Idan mutum ya sha fiye da kima, hanji ya ƙi ɗauka, ƙoda ta zubar da rarar a fitsari. Allurar jijiya kuwa ba ta bi ta hanji. Giram goma ko hamsin na shiga jini kai tsaye, kuma a wannan yawan bitamin ɗin kan haifar da irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi. Daga nan ya tashi daga abinci ya koma magani, mai amfani da kuma illa.

Amfaninsa tabbatacce shi ne warkar da ciwon ƙarancin bitamin C, mai sa dasashi zubar da jini da hana miki warkewa, ga wanda ba ya iya sha ta baki. Don haka kaɗai hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar bitamin C mai suna Ascor a 2017.

Batun ciwon daji fa? A 1976 masanin kimiyya Linus Pauling da likita Ewan Cameron sun ba da rahoton cewa marasa lafiya a Sikotilan da aka ba giram goma kullum sun fi daɗewa a raye. Asibitin Mayo ya gwada a 1979 da 1985, ta baki, bai ga wani amfani ba. Har yau ana binciken ta jijiya tare da magungunan daji, amma ba a tabbatar tana warkarwa ba. Wanda ya ce maka tana yi, kuɗinka yake so. Ban da ciwon daji, a 2022 wani babban gwaji a kan mutum fiye da 800 masu gubar jini a Kanada da Faransa da Niyu Zilan ya nuna waɗanda aka yi wa allurar sun fi mutuwa ko lalacewar sassan jiki.

Abin da ya fi shafarmu shi ne ƙarancin sinadarin G6PD a jini. Gado ake yi, ya fi kama maza, ya kuma yawaita a ƙasashen zazzaɓin cizon sauro irin tamu. Da yawa suna da shi ba su sani ba. Idan aka ɗura wa irin wannan mutum bitamin C mai yawa, jajayen ƙwayoyin jininsa kan farfashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar zoɓo. Mai ciwon ƙoda kuma na iya samun tsakuwa, ko ƙodar ta tsaya. Mai ciwon suga ma bai tsira ba, domin wasu na'urorin gwaji kan nuna suga ya hau alhali ƙasa yake.

Lasin mai ƙaramin kemis bai ba shi damar yin allura ba, balle ƙarin ruwa. Idan likita ya rubuta maka ita, ka nemi a fara gwada ƙodarka da G6PD, kuma a asibiti za a yi maka.