Tumbi Da Zariyar Wando: Abin Da Tef Ɗin Tela Ke Faɗa Mana

A ƙasar Gaya da Ajingi, kamar sauran ƙasar Hausa, idan ɗan gari ya yi boko ya sami aiki a Kano, sannan ya zo gida da Sallah ciki ya turo gaba, yabo yake sha. Sai ka ji tsofaffi na cewa, "Masha Allah, hutu ya karɓe shi." Mahaifinsa kuwa, wanda ya shekara sittin yana noman gero da gyaɗa, jiki a murɗe, shi ake tausaya wa. A ganina mun juya lissafin, domin ɗan ne ya fi kusa da layin masu ciwon suga da hawan jini.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya san kitse iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, akwai kuma wanda ke lulluɓe da hanji da sauran kayan ciki. Haka abin yake a jikin ɗan Adam, kuma na biyun ne mugun. Jinin da ke fitowa daga gare shi kai tsaye yake zarcewa hanta, ɗauke da maiƙo da sinadaran da ke haddasa kumburi. Sannu a hankali hanta ta tara kitse, jiki ya daina sauraron insulin, wato sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka. Daga nan suga ya taru a jini, jijiyoyi su ƙanƙance, sai a wayi gari ana maganar bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda kuɗinsa ke cinye gona da shanun gida.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun a 1947 wani likitan Faransa mai suna Jean Vague ya lura cewa wurin da ƙiba ta taru ya fi yawanta muhimmanci. A 2004 masu bincike a Amurka suka zuƙe kitse mai yawa daga ƙarƙashin fatar cikin wasu mata masu ƙiba, amma sugansu da hawan jininsu ba su gyaru ba, saboda na can ciki bai motsa ba. A 2005 kuma binciken INTERHEART, wanda ya haɗa mutane daga ƙasashe 52, ya nuna cewa awon ƙugu idan aka gwada shi da na kwankwaso ya fi lissafin nauyi da tsawo nuna wanda ke cikin haɗarin bugun zuciya. Ma'ana, sikeli na iya wanke mutum alhali cikinsa ya riga ya kai ƙararsa. Siririn mutum mai ɗan tumbi kamar ya haɗiyi ƙwarya bai tsira ba.

To, nawa ne ya yi yawa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, a matsayin farkon haɗari. Idan aka wuce 102 da 88, abin ya yi tsanani. Da awon tela, inci 37 da 40 ke nan ga maza, kusan 31 da rabi da kuma 35 ga mata. Sai dai a jikin Turawa aka samo waɗannan alƙaluma, mu aro aka ba mu. Shi ya sa na fi gamsuwa da shawarar da hukumar NICE ta Ingila ta bayar a 2022: kada ƙugun mutum ya kai rabin tsayinsa. Wannan ko tef ba ya buƙata. A sami igiya daidai tsayin mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ciki tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, bayan an fitar da numfashi. Idan bakinta biyu ba su haɗu ba, lokacin gwajin suga da na jini ya yi.

Wani abin da ke cutar da mu shi ne suturarmu, duk da ina alfahari da ita. Mai ɗaura bel yana ganin ramin da ya ƙaura daga gare shi. Zariyar wando kuwa ba ta gardama, kullum sai ta saki, babbar riga kuma ta rufa asiri. Mutum ɗaya ne ke da labarin: telan da ke rubuta awonka a littafinsa kowace Sallah. Shi ma sau da yawa ƙasan tumbi yake aunawa, inda wando ke zama, don haka adadinsa ragi ne a kan gaskiya.

Ina kira ga ma'aikatan ɗakunan shan magani na ƙauyukan Ajingi da Babban Asibitin Gaya da su ajiye tef kusa da na'urar awon jini, su riƙa rubuta awon ƙugu a katin duk baligin da ya zo. Kitsen ciki yana saurin narkewa idan aka rage lemon kwalba da tulin shinkafa da taliya, aka kuma yi tafiyar ƙafa mai sauri ta minti 150 a mako. Rabin sa'a ke nan a kwana biyar, abin da bai kai zuwa gona da dawowa ba.