Waƙar Noma Ma Amfanin Gona Ce, A Yi Mata Rumbu

 Gero ya shiga rumbu, gyaɗa ta shiga buhu, harawar wake an ɗora ta bisa itace inda akuya ba ta kai. Kowane abu da gona ta bayar ka nema masa wurin ajiya. Amma akwai abu guda da kan fito daga gona kowace damina wanda ba a yi masa rumbu ba, watau kiɗa da waƙar noma. Shi ne za mu yi magana a kansa yau, musamman da ku mutanen Kurni da sauran garuruwan ƙasar Kance da Matamaye.

Ka san su sarai. Mutum biyu ne, ba su fi haka ba. Ɗaya na rataye da gangar noma, ɗan'uwansa na bi masa da kazagi. Ko kuwa mai gurmi da yaronsa mai ƙwarya. Ko mai kukuma da mai amshi. Ranar gayya su ke bin bayan ma'aikata kunya kunya, su kira sunan mutum da na ubansa da na kakansa, su faɗi damin da kakan ya taɓa ɗaurewa, har saurayi ya manta da zafin rana. Ba su da babbar ƙungiya, ba su da ɗakin ɗaukar sauti, ba su da mai tallata su. Ladansu dami ne, ko tiyar hatsi, ko ɗan abin da aka liƙa musu.

Abin Da Ke Cikin Bakin Makaɗi

Kada ka ɗauka wasa ne kawai. Makaɗin noma littafin gari ne. A bakinsa ake jin wanda ya fara sare dajin da kake nomawa yau, da wanda ya yi sarautar noma, da wanda ya yi dubu. Tsofaffi kan ƙirga shekaru da sunan yunwa ko na ƙoshi, tun daga Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 har farin 1973 da na 1984. Wanda ya rayu cikin waɗannan shekaru yana da abin faɗi game da irin da ya jure, da ganyen da aka ci, da inda mutane suka tafi cin rani. Da yawa daga wannan sani ba a takarda yake ba, yana cikin kirari da waƙa da hirar tsofaffi.

Har wa yau, kiɗan noma ba ƙaramin tushe ba ne. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, kiɗan noma ya gada wurin mahaifinsa kafin ya koma waƙar sarakuna, sunansa ya kai ko'ina a ƙasar Hausa. Ɗan Maraya Jos kuwa, da ya rasu a 2015, shi kaɗai ne da ɗan kuntiginsa, ya yi ta waƙar talakawa da masu ƙananan sana'o'i har duniya ta san shi. Waɗannan biyu ana jin muryarsu har gobe, don an ɗauka an ajiye. To makaɗin ƙauyenku fa? Ran da ya kwanta dama, in ba a ɗauki muryarsa ba, shi ke nan, ta bi shi.

Yau gayya ta ragu. Garmar shanu ta rage wa hannu aiki, samari da yawa suna cin rani, a gidan biki kuma akwatin kiɗa ya kori makaɗi. Ɗan makaɗi ya ga sana'ar ubansa ba ta ciyar da gida, ya kama wata. Ba laifinsa ba ne. Amma ya zama wajibi a yi hanzari, tun masu abin suna da rai.

Ba Yau Aka Fara Ba

Ɗaukar muryar mutanen karkara tsohon aiki ne a Nijar. A 1962 aka kafa ƙungiyar Radiyo Kulob. Malamanta kan tara jama'a da dare a saurari shiri, a yi muhawara, su ɗauki maganar manoma a na'ura su aika Yamai a sa a rediyo. Talaka ya ji muryarsa tana fitowa daga akwati. A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset, bayan ƴan shekaru rakoda ta cika kasuwanninmu. Daga nan kowa ya zama mai ɗauka. Mai shayi, mai tebur, ɗan cin rani da ya komo daga Kano, duk wanda ke da rakoda da pil sai ya aje ta gaban makaɗi ya danna. Ta haka waƙoƙi suka yi ta ƙetare iyaka tsakanin Damagaram da Daura da Katsina, babu fasfo.

Malam Mamman Barka, ɗan ƙasar Taskar a jihar Damagaram, malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi. Daga baya ya tafi bakin tafkin Cadi ya koyi biram, wani kayan kiɗa mai tsirkiya biyar na masuntan Buduma, wurin tsohon da ya rage da saninsa. Shi da makaɗinsa Umaru Adamu, su biyu rak, suka fitar da faifai a 2009, suka kai biram har Turai. Malam Barka ya rasu a 2018. Da bai je wurin tsohon nan kan kari ba, da muryarsu ba ta shiga faifai ba, yau sai dai labari.

Ga kuma misalin wayar salula. Wani matashi Ba'abzine mai kaɗa jita, Mdou Moctar, ya ɗauki waƙoƙinsa a Sakkwato a 2008. Ba kamfanin da ya sayar masa, daga waya zuwa waya suka yi ta yawo har arewacin Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su cikin wayoyin mutane. A 2011 ya fitar da faifan waƙoƙin da ya tara, bayan ya sha wahalar neman masu su don a biya su haƙƙinsu. Shi ne kuma ya je ƙauyen Illighadad, wajen Abalak a jihar Tawa, ya ɗauki ƴan mata biyu ƴan'uwan juna, Fatu Saidi Gali da Alamnu Akruni, a fili cikin ƙauyensu. Faifan ya fito a 2016, daga baya suka yi wasa a Turai da Amurka.

Ba muna ce maka duk wanda aka ɗauka zai hau jirgi ba. Abin lura biyu ne. Na ɗaya, mutum biyu da ƙaramar na'ura sun isa a yi aikin kirki. Na biyu, waƙar da ke yawo ba sunan mai ita, wahalar nemo shi ake sha, sau da yawa kuma haƙƙinsa ya salwanta.

Yadda Za Ka Ɗauka Da Wayarka

Wayar da ke aljihunka, ko ta ɗanka, ta fi rakodar da ƙarfi. Ga yadda za ka yi.

1. Nemi izini tukuna. Je ka gai da makaɗi a gidansa, da goro kamar yadda aka saba. Gaya masa abin da za ka yi da muryar: ajiya ce don gida, ko za a ba gidan rediyo, ko za a tura wa mutane. In ya ce wata waƙar ba ta fita ba ce, to ka bar ta. Akwai kirarin da ke tono tsohuwar gaba tsakanin dangi.

2. Zaɓi lokaci da wuri. Bayan isha'i ko da sassafe, sa'ad da injin niƙa da babura suka yi shiru. Ɗakin ƙasa mai tabarmi da buhunan hatsi ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano, gama kwano da siminti suna mayar da sauti ya yi ta amsa-kuwwa. In a fili ne, ku ba iska baya, ku fake da bango ko da rumbu. Iskar hunturu babbar maƙiyiyar ɗauka ce. Ɗan ƙyalle mara kauri a bakin wayar yana rage hucinta.

3. Cika wayar da wuta, ka rufe hanyar kira, kada wani ya bugo a tsakiyar waƙa.

4. Kada ka riƙe wayar a hannu. Kife turmi, ka shimfiɗa tsumma, ka ɗora ta. Bakinta ya dubi mai waƙa, tsakaninsu kamu ɗaya zuwa biyu. Mai ganga ko kalangu ya ja baya taki biyu ko uku, don ganga ta fi murya ƙarfi, in ta matso sai ta danne magana. Gurmi da kukuma kuwa su zauna kusa.

5. Gwada na minti ɗaya, ku saurara tare. In ba a jin kalmomi, a gyara zama a sake.

6. Kafin kowace waƙa, faɗi sunan mai waƙa da na abokinsa, da garin, da ranar, da wanda aka yi wa waƙar. Wannan shi ne shaidar dabba. Duk inda waƙar ta je, da sunan mai ita za ta je.

7. In an gama, kada ka kashe. Tambayi tsoho wurin wa ya koya, a gonar wa ya fara kaɗa wannan take, wace shekara ce. Sau da yawa hirar ta fi waƙar daraja.

Ke kuma uwargida, wannan magana har da ke. Waƙar daka da ta niƙa, da ta reno, da kiɗan ƙwarya na cikin gida, namiji ba ya shiga ya ɗauko su. Injin niƙa ya zo, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki, waƙarsa na shirin binsa. Ki sa ƴarki ta ɗauki kakarta, da yardarta da ta mutanen gida, ko da ba za a fitar waje ba.

Ajiya

Mai iri ba ya zuba shi duka a tukunya ɗaya. Waya takan faɗa rijiya, takan ɓace a kasuwa, ɗan katin ajiya da ake kira memori yakan mutu ba sallama. Saboda haka kowace ɗauka a yi mata wuri biyu ko uku: ɗaya wurinka, ɗaya wurin makaɗin, ɗaya wurin malamin makaranta ko wani amintacce a wani gari. Wuri ba zai yi maka kaɗan ba, kati mai giga 8 yana ɗaukar waƙa ta fiye da awa 100. Naɗe shi a takarda, ka rubuta abin da ke ciki, da boko ko da ajami, ka sa a kwalba mai murfi. Kowace shekara bayan kaka a fito da shi a saurara, a sake kwafa a sabo.

Tsofaffin kaset da ke cikin adaka kuma, kada yara su warware su. Zafi da ƙura da laima ke kashe kaset, haka kuma maganaɗisun lasifika, don haka kada a aje shi kan rediyo. Ɓalle ƴan haƙoran nan biyu na samansa don kada a ɗauki wani abu a kansa bisa kuskure. Juya zaren da biro a hankali ka ga bai manne ba. Goge kan rakoda da auduga da ɗan alkol, sa'an nan ka kunna, ka aje waya kusa ta ɗauka. Wataƙila wannan ne kunnawarsa ta ƙarshe, ka shirya sosai kafin ka danna.

Haƙƙin Mai Waƙa

Waƙa ta mai waƙa ce, ba ta mai waya ba. Wanda ya auna maka gero bai zama mai gonar ba. In kuɗi ya shigo ta dalilinta, ko wurin masu tura waƙa a kasuwa ko ta intanet, makaɗi ke da babban rabo. Ku kuma makaɗa biyu, ku yi magana tsakaninku gaban shaidu tun kuɗi bai zo ba: nawa ne na mai waƙa, nawa ne na mai kiɗa. Abota da yawa ta mutu a kan abin da ba a faɗa ba tun farko. In baƙo ya zo da takarda, kada ku sa hannu sai wanda kuka yarda da shi ya karanta muku, ku kuma riƙe taku. A Yamai akwai ofishin kare haƙƙin mawaƙa da marubuta, BNDA, inda mai waƙa ke rajistar aikinsa. A can ne kuma cibiyar CELHTO take, wadda aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka da al'adun Afirka.

To jama'ar Kurni, rani ya shigo, aiki ya yi sauƙi, dare ya yi tsawo. Kowace unguwa ta dubi tsofaffin makaɗanta. A sami saurayi ɗaya mai waya da hankali, a sami dattijo ɗaya ya raka shi, a fara da wanda ya fi tsufa. Abin da kuka ɗauka da yardar masu shi, ku kai wa gidan rediyo mafi kusa da ku, da sunaye da ranar ɗauka, don sauran manoma su ji. Da sanyin safiya ake kama fara.

Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kai mu damina mai albarka. Amin.