Ƙullin Fatsa

Idan damina ta yi nisa, kogin Gagare ya kawo ruwa, masuntan Shinkafi sukan fita da fatsa. Kowane irin zare da ƙullin da ya dace da shi.

Zaren auduga kaushi gare shi, ƙulli biyu ya ishe shi. Amma zaren roba, wanda ake saye a kasuwa ran Alhamis, santsi gare shi. Sai masunci ya zura shi a kafar ƙugiya, ya naɗe sau 5 ko 6, ya jiƙa da yawu, sa'an nan ya ja a hankali. In bai jiƙa ba, zaren yakan raunana, babbar tarwaɗa ta tsinke shi, ta tafi da tana da ƙugiyar duka.